Tudun Nomau da Raƙuman Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga nesa, ƙafarta duk yashi.

Ta zo mu ji ta, ta kakkaɓe ta zauna.

To, ku gyara zama. Wanda ya san gyangyaɗi zai yi mini, ya tashi tun yanzu, ni ba na maimaita magana.

Wani madugu aka yi, mai jan ayarin fatake. Shekara arba'in yana tafe, yau wannan zango, gobe wancan, bai taɓa kwana a ƙasar da zai buga ƙirji ya ce tasa ce ba. Da tsufa ya kama shi sai ya sallami ayari, ya ɗauki 'ya'yansa biyu ya yi kudu da su. Babban namiji ne, sunansa Nomau. Ƙaramar mace ce, sunanta Tasalla. Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, suka wuce daji, suka wuce kurmi, har ranar da ƙasa ta ƙare ƙaf. Gabansu ruwa ne, ba a hango tsallakensa. Teku ke nan. Ku da ruwanku bai wuce kududdufin bayan gari ba, kada ma ku wahalar da kanku wajen kwatanta ta.

A wurin akwai wani tudu mai jar ƙasa, ya miƙa hanci cikin ruwa, faɗinsa ya kai gona goma. A gefensa kuma akwai wani ɗan lungu a ƙasa, inda busasshen wuri bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba.

Nan ciwon ajali ya kama madugu. Ya kira 'ya'yansa ya ce, "Ni na ƙare rayuwata a ƙasar aro. Ku raba wurin nan tsakaninku. Kada ɗayanku ya kwana a ƙasar da ba tasa ba." Ya faɗi haka, ya cika.

Ko sadakar uku ba a yi ba, Nomau ya miƙe ya gyara hula. Shi fa Nomau, Allah ya yi shi da sanin komai. In ka ce masa ga wata ya fito, sai ya ce ai shi tun jiya ya gan shi. Ya dubi tudu, ya dubi lungu, ya ce, "A garinmu in damina ta yi ƙarfi, wa ruwa yake ci? Na kwari. Wa yake tsira? Na tudu. To ni ne babba, tudu nawa. Ke kuma ga lungu can."

Tasalla ta ce, "Haba Yaya, ai wurin bai fi tabarma ba. Baba fa cewa ya yi..."

Ya ce, "Baba cewa ya yi kowa da ƙasarsa, bai faɗi girmanta ba. Ranar da ruwa ya kore ki, ki hauro. Akwai turmi a bayan ɗakina, mai daka nake nema. Ki daka mini, in ara miki wurin kwana."

Kun ji fa. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Tasalla ta gangara lungu da 'yar tukunyarta. Ta kafa murhu, ta hura wuta, ruwa ya hauro ya kashe. Kashegari ta matsa baya ta hura, ruwa ya hauro ya kashe. Rana ta uku ta matsa har bayanta ya jingina da dutse, ba sauran inda za ta ja, ruwa ya hauro ya kashe. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, don ta ga turmin nan na Nomau yana matsowa kusa da ita.

Da kukan ya ƙare sai kunnenta ya fara aiki. Ita fa 'yar madugu ce, a cikin ayari aka yaye ta. Ta ji gurnani. Ta ɗaga kai ta ga tozaye suna tahowa a jere, wannan na bin wancan, kowanne da kumfa a baki. Ta ce a ranta, af, ashe ba ruwa ne kawai ba, ayari ne! Sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta rusuna ta ce, "Sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Ina madugu?"

Tozayen nan suka tsaya cak. Tun da aka halicce su ba wanda ya taɓa yi musu sannu.

Sai wani ƙaton raƙumin ruwa ya taso, kansa fari fat, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ni ne Amale, ni nake jan su. 'Yar wa ce ke, da kika san gaisuwar zango?"

Ta faɗa masa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, me na yi muku kuke kashe mini wuta?"

Amale ya ce, "Ba mu ma gan ki ba, 'yata. Mu raƙuman ruwa ne, iska ke koro mu, kuma ba ma tafiya baya wayam. Inda muka tarar da abu ya tsaya ƙiƙam ya tare mana hanya, mu bangaje shi mu yi lodi. Inda muka tarar da wuri a kwance, iska ba ta damunmu, mu durƙusa mu sauke. Lungun nan naki zango ne mai daɗi, kullum muna sauke kaya a nan."

Ta ce, "To ina kayan? Ni ban ga komai ba."

Ya ce, "Mu ba kyauta muke yi ba, ajiya muke yi. Abin da muka sauke yau, in ba a ɗaure shi ba, gobe mu ɗauka mu kai gaba."

Ta ce, "Yashi ne fa. Wa ya taɓa ɗaure yashi?"

Ya ce, "Tambayi Ƙaguwa, ta fi kowa daɗewa a nan." Ya miƙe ya koma, sauran suka bi shi suna waƙa:

Ɗauki nan, sauke can,
Ɗauki nan, sauke can,
Na tsaye mu rage masa,
Na kwance mu ƙara masa.

Tasalla ta sami Ƙaguwa a bakin raminta, ta gaishe ta. Ƙaguwa ta zazzaro ido ta ce, "Dubi tafiyata da kyau. Mutane na yi mini dariya wai ban iya tafiya ba. To a wurin raƙuman nan na koya. Ba sa shigowa kai tsaye, a karkace suke shigowa, su koma a miƙe. Duk zuwa ɗaya, yashi ya matsa gefe taki ɗaya. Haka yake silalewa yana barin lungunki. Ke ba 'yar madugu ba ce? Wane zango ne ba turke? Kafa turaku a jere, daga busasshen wuri zuwa cikin ruwa, su tare shi. In ya taru, ki shuka ciyawa a kai, saiwa ta riƙe miki."

Tasalla ta shiga kurmi ta saro itace. Ta kafa, ta kafa, ta kafa, hannunta duk ya yi kanta. Kwana bakwai, tabarma ɗaya ta zama biyu. Ta hura wuta, wuta ta ci, ta dafa abinci ta ci ta ƙoshi. Wata guda, wurin ya isa ɗaki. Ta bi shi da ciyawa. Wata rana raƙuma suka gangaro mata da kwakwa guda uku, ta binne su.

Amma ta lura da abu ɗaya: yashin da ake kawo mata ja-ja ne. Da Amale ya zo sai ta ce, "Ranka ya daɗe, a ina kuke lodin nan?"

Ya ce, "A tudun can. Shi ya fi kowa tare mana hanya, shi muke fara karo da shi."

Ta hau tudu da gudu ta ce, "Yaya, ruwa na cin gindin tudunka! Ka ja ɗakinka baya."

Nomau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke dai mace ce. Wannan ai kogi ne, girma kawai ya yi. Wane kogi ne ba ya ƙafewa da rani? Bari rani ya zo ki gani. Duk wurin nan fadama zai zama, in shuka albasa, in haƙa rijiya a tsakiya."

Wallahi ba wasa yake ba. Ya tanadi irin albasa kwando guda. Ya tsaya bakin tudu yana nuni da sanda yana cewa daga nan zuwa can nasa ne, kada wani ya zo daga baya ya ce bai ji ba. Kifaye suna leƙowa suna kallon ikon Allah.

Rani ya zo. Rana ta ƙwalle, ciyawa ta bushe, ƙasa ta tsage. Nomau ya fito kullum da safe da fartanya a kafaɗa. In ruwa ya ɗan janye ya ce, "Yauwa, ya fara!" Kafin azahar ruwa ya dawo inda yake. Haka har rani ya wuce, irin albasa ya ruɓe a kwando, gona biyu ta zube daga bakin tudu, har da bishiyar da yake shan inuwa. Raƙuma na wucewa suna waƙa:

Ɗauki nan, sauke can,
Na tsaye mu rage masa,
Na kwance mu ƙara masa.

Shekara ta biyu Tasalla ta sake hawa. Lokacin filinta ya isa a yi sukuwa, kwakwarta ta kai ƙugu. Ta ce, "Yaya, don girman Allah ka ja baya. Ba kogi ba ne, ayari ne, ba ya yankewa."

Ya ce, "Bana ranin ne bai yi ƙarfi ba. Amma bari ki ga aikin maza. A garinmu in ɓarawo ya dame ka, katanga ake yi."

Ya kwaɓa ƙasa, ya buga tubali, ya gangara gindin tudu ya ja katanga doguwa, har da yaɓe, har da zanko a kusurwa. Katangar ƙasa, jama'a, a gaban teku! Ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran a yaba.

Amale ya iso ya tsaya ya dubi katanga. Ya juya ya ce wa na bayansa, "Kai, mutumin nan akwai kirki. Da mu muke wahalar farfasawa, yau ga shi ya dunƙula mana kaya dunƙule-dunƙule. Ku yi masa godiya." Suka yi gurnani gaba ɗaya, suka durƙusa, kowa ya ɗauki tubali ɗaya. Kafin la'asar ko alamar harsashi babu. Kashegari Tasalla ta tashi ta ga filinta ya ƙaru da taki ashirin.

Shekara ta uku ta sake hawa. Gona goma ta koma uku. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, wannan ne na uku. Ka taso mu koma lungu, akwai wuri."

Ya ce, "Ni? In sauka kwari? Ai na gane kuskurena, ƙasa ce ba ta da ƙarfi. Yanzu dutse zan zuba musu, in ga ƙaryar rashin kunya."

Ya yi ta garo duwatsu yana turawa ƙasa, manya da ƙanana, har suka taru a gindin tudu.

Amale ya iso ya ce, "Oho, yau kuma taɓare aka ba mu." Kowane raƙumi ya ɗauki dutse ya maka a gindin tudu, tim! Ya ja baya, ya dawo ya maka, tim! Dutse na cin tudu, tudu na cin dutse. Manyan duwatsu suka zama tsakuwa, tsakuwa ta zama yashi, yashi ya kama hanyar lungu. Gindin tudu ya rarake ya zama kogo. Suka zagaya ta ɗaya gefen suka rarake. Kogo ya haɗu da kogo, sai ga ƙofa, ruwa na shiga ta nan yana fita ta can.

Kuna tsammani ya tsorata? Ina! Da Nomau ya leƙa ya ga ƙofar nan sai ya yi tsalle ya ce, "Sun sallama! Sun san sarki suka tarar, ga shi sun gina mini soro!" Ya rushe ɗakinsa na baya, ya tsallaka ta saman ƙofar, ya je can ƙarshen hancin tudu ya gina sabo, wai don duk mai zuwa wurinsa sai ya bi ta kan soro. Har turminsa ya kinkima ya kai can.

Tasalla ta tsaya daga nesa ta ɗaga murya, "Yaya, abin da kake takawa ba shi da gindi!"

Ya ce, "Hassada ce ke cin ki. Ke wa ya gina miki ko akurki?"

Ta koma tana share hawaye, don duk iya shegensa ɗan'uwanta ne, ba ta da wani.

Damina ta kankama. Wata safiya iska ta taso da fushi, ta koro raƙuma babu sassauci. Amale da kansa ya ja baya, ya ja baya, ya taho. Rugum! Saman ƙofa ya rufta. Da ƙura ta lafa sai ga Nomau a kan wani ɗan tsororon dutse a tsakiyar ruwa, shi da turminsa. Ɗaki ya tafi, rumbu ya tafi. Wurin da ya rage masa bai kai shimfiɗar tabarma ba.

Ya yi ihu, ya yi ihu, muryarsa ta dushe. Tsuntsaye suka zo suka ga sabon wurin sauka, suka yi masa ado fari-fari tun daga hula har ƙafa.

Tasalla ta ruga bakin ruwa ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, ku ɗauko mini shi."

Amale ya ce, "Mu kaya muke ɗauka, 'yata. In muka ɗauko shi, a kwance za mu kawo miki shi, ba zai sake tashi ba."

Ta dubi tsororon dutse, ta ga ta bayansa, ɓangaren da ke kallon lungunta, ruwa a kwance yake, dutsen ya kare iska. Ta ce, "To can bayan dutsen ba zango ba ne? Ba za ku iya durƙusawa a can ba?"

Amale ya ce, "Lallai ke 'yar madugu ce. Kafa turaku, mu kuma ga kaya a zube, soron yayanki ne."

Ta saro itatuwa ta shiga ruwa. Ta kafa, ruwa iya gwiwa. Ta kafa, ruwa iya ƙugu. Ta kafa, ruwa iya wuya. Ƙaguwa na gefe tana cewa, "Matsa hagu, ke, hagu na ce!" Raƙuma na kwasowa suna saukewa, suna kwasowa suna saukewa. Kwana uku, sai ga siririyar hanyar yashi ta miƙe daga filin Tasalla har gindin dutse.

Nomau ya sulalo da rarrafe. Ya biyo hanya yana tangaɗi, turmi a ka, don shi kaɗai ya rage masa a duniya. Ya iso ya ga fili iya ganin ido, ga kwakwa na kaɗawa, ga rogo, ga ɗakuna biyu, ga hayaƙi na tashi a murhu. Ya sauke turmi a gabanta. Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya durƙusa ya ce, "Tasalla, kawo hatsin. Zan daka miki, ki ara mini wurin kwana."

Tasalla ta dube shi. Zuciyarta ta ce ta miƙa masa taɓarya, kuma da ta miƙa, ba mai ganin laifinta. Sai ta sunkuya ta damƙo yashi cike da hannu, ta buɗe a gaban idonsa. Ja ne. A ciki har da ɗan guntun tubali mai sauran yaɓe.

Ta ce, "Yaya, ka gane wannan?"

Ya kalla, ya kalla.

Ta ce, "Shekara uku tana gangarowa, kana can kana jiran rani. Ƙasarka ce, ta dai riga ka isowa. Shimfiɗa tabarmarka, ba aro ba ne. Baba ya ce kada ɗayanmu ya kwana a ƙasar da ba tasa ba."

Ƙaton nan ya kifa kai a kan yashi ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Da ya ci ya ƙoshi, ta miƙa masa gatari ta ce, "Turaku suna ruɓewa duk shekara, raƙuma kuma ba sa hutu. Daga yau kai ne mai kafawa." Ya karɓa ya saɓa a kafaɗa. Ƙaguwa ce ke ba shi umarni, tana cewa hagu, yana yin hagu.

Shi ke nan. Teku ba ta cinye ƙasa, kwasa take yi ta kai gaba. Wanda ya tsaya mata ƙiƙam yana taƙamar abin da ya sani a garinsu, ta rage masa. Wanda ya yi sallama ya tambaya, ta ƙara masa. In kun je baƙon wuri, ku fara buɗe kunne kafin ku buɗe baki, kuma in rabo ya zo hannunku kada ku cuci ƙaraminku.

Ƙurunƙus kan ƙaguwa. In da ƙarya a ciki, raƙuman ruwa su kwashe ta su sauke a wani zango. Ku tashi, ku kakkaɓe mini tabarma.